Layin da Zubair Ya Ce Kada a Taɓa

Tsawa ce ta fara ɓata mana ranar. Ruwan da aka yi da asuba ya zo da walƙiyar da ta bi waya ta shiga ofishinmu, kuma da na buɗe ƙofa da safe, ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya tarbe ni. Babbar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Tamar ta mutu murus. Na tsaya riƙe da makulli na ce a raina, to, yau kuma da wannan aka tashi. Ashe somin-taɓi ne.

Sunana Angelina. Ni ce mai buɗe ofishin wata ƙaramar ƙungiya a Kafanchan, ni ce mai amsa waya, ni ce kuma mai yi wa kowa faɗa idan ya bar kofin shayi a kan tebur. Aikinmu shi ne kashe jita-jita kafin ta kashe mutum. Idan labari ya tashi a wani ƙauye, muka bincika muka gano gaskiyarsa, sai mu ɗauki murya mu aika, wayoyin mutanen yankin su yi ƙara a lokaci guda: manoma, makiyaya, fastoci, limamai, har 'yan acaba. Mutane da kansu suka raɗa wa abin suna Ƙararrawa.

Zubair ne ya ƙirƙiro ta. Bafulatani ne, iyayensa suna noma da kiwo a bayan Kauru, shi kuma ya yi karatun kwamfuta ya dawo gida da kai cike da dabaru. Ƙauye-ƙauye ya bi da farar motarsa yana zama a gindin mangwaro yana karɓar lambobin waya, yana kuma koya wa mutane doka guda: "Idan wayarka kaɗai ta yi ƙara, kada ka yarda, ko da muryar mahaifiyarka ce. Idan ta kowa ta yi ƙara tare, to mu ne." Ya maimaita ta har yara suka haddace. Ni ma na sha yaba masa wannan dabara, Allah ya gani.

Tamar kuwa ɗiyar manoman citta ce daga Kwoi, shi ya koya mata aikin. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma girmamawar da take yi masa har haushi take ba ni. Ko ya yi tafiya ba ta zama a kujerarsa. Biro ɗinsa ma idan ya faɗi ƙasa, sai ta ɗauka ta mayar daidai inda yake ajiye shi.

A ranar Zubair ya fita tun da sassafe, bai san abin da tsawa ta yi ba. Ya tafi ganin wasu manoma a wani kwari da ke gaba da hanyar Kwoi, inda waya ba ta samun sabis. Na ce to, sai ya dawo ya ga ta'asar da idonsa.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Fasto Abednego ne, daga wani ƙauye da ke kan tudu a bakin wannan hanyar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau mutanensa suna sunkuyar da kai idan aka tuna. Ya ce an nemi wata ƙaramar yarinya mai suna Ƙauna tun wayewar gari an rasa. Wata tsohuwa ta ce ta ga farar mota ta wuce da sassafe, wani dogon Bafulatani yana tuƙi. Samari sun jawo itatuwa da tayoyi sun tare hanya, suna jiran motar ta dawo.

Farar mota da dogon Bafulatani, ai Zubair ne. Kuma daga kwarin nan babu wata hanyar dawowa sai ta kan tudun.

"Baba Fasto, motarmu ce," na ce. "Malam Zubair ne, wanda ya kawo muku Ƙararrawa. Ka faɗa musu."

"Na faɗa, Sista Angelina. Sun ce to ya zo ya yi bayani. Amma ban so irin yadda suna faɗin shi ba."

Na kira Zubair, wayarsa ba ta shiga. Na tura masa saƙo, ko da yake na san banza ne. Mutumin nan idan zai tuƙi sai ya jefa waya a aljihun mota ya rufe, ba ya waiwayarta sai ya isa. Sau nawa na kafa misali da shi ina zagin masu tuƙi da waya a kunne? Ranar na yi fatan da ma yana da wannan mugun halin.

Gaskiyar ba ta ba mu wahala ba. Na kira matan kasuwa da na sani, kafin wani lokaci sai ga Yemima, ƙanwar uwar yarinyar, ta shigo ofis tana haki, riƙe da hannun Ƙauna. Yarinyar tana cin ƙosai abinta, bakinta duk mai. Ashe ta maƙale a motar citta ne tun da duhu-duhu ta biyo innarta kasuwa, ita kuma Yemima ta ɗauka uwar ta sani. Da na ga yarinyar na jawo ta na rungume.

Na sake kiran fasto na ce masa ga Ƙauna a gabana. Ya miƙa wayar ga shugaban samarin, wani mai suna Kaleb, ni kuma na sa yarinyar ta gaishe shi da yarensu. Na ɗauka magana ta ƙare.

"Mama, ka ji ni da kyau," in ji Kaleb. "Masu satan mutane ma suna ba yaro waya ya yi magana. Ni na san ko bindiga ne a kanka yanzu? Idan gaskiya ne, me ya sa Ƙararrawa bai buga ba? Ku ne kun ce waya ɗaya ƙarya ne."

Ya kashe. Na bi wayar da kallo. Dokarmu ce ya jefo mini, kuma daidai ya faɗe ta. Uwar yarinyar ma, wadda da ta ji muryar za ta shaida, tana can cikin daji da mata suna nema, ba waya a hannunta.

Na kira Boaz, ɗan acaban da ke tsayawa a bakin layinmu, na ɗora masa Yemima da Ƙauna na ce ya tafi da su ƙauyen ko ta halin ƙaƙa. Ya ce zai yi ƙoƙari, amma rafin da ke hanya ya cika da ruwan asuba, sai ya ja baya ake haye shi. Na san Zubair zai riga su isa.

Na juyo na dubi Tamar. Tun ɗazu tana durƙushe gaban matacciyar kwamfutar, hannunta duk baƙi.

"Tamar, Ƙararrawar nan za ta buga yau ko ba za ta buga ba?"

"Anti, lambobin mutane suna nan lafiya," ta ce. "Suna rumbun bayanai a intanet, tsawa ba ta kai can ba. Manhajar ma ina da ita a filash. Kwamfuta kawai nake so."

Kwamfuta ɗaya ce ta rage a ofishin, laftof ɗina, wadda nake buga wasiƙu da kallon hotunan jikokina. Na tura mata. Ta buɗe, sai na ga fuskarta ta canza.

"Windows ce," ta ce a hankali.

"To, haram ce?"

Ta yi mini bayani da sauri, yatsunta na aiki. Wadda ta ƙone Linux take amfani da shi, tawa kuma Windows, kuma kowanne da irin tsarinsa. Tsakanin manhajarmu da rumbun bayanai akwai wani ɗan guntun aiki da suke kira direba, shi ke zuwa ya ɗauko lambobin ya kawo. Wanda ke kan tsohuwar kwamfutar ba zai yi aiki a tawa ba, sai an sake haɗa shi daga rubutunsa, abin da suke cewa kompail. Ta ce Malam ya taɓa haɗa shi a Windows can da daɗewa, saboda haka bai kamata ya ba ta wahala ba.

Ta danna. Allon ya yi ɗan tunani, sai ya fito da jan rubutu layi guda.

Ta ce matsalar heda ce. A saman kowane rubutu akwai layukan da ke kiran waɗansu fayiloli, su ne hedoji, su ke gabatar da sunayen kayan aikin da za a yi amfani da su a ƙasa. Direban yana kiran wata heda ta harkar sadarwa da ke Linux, Windows kuwa ba ta da ita, tana da tata daban mai suna winsock2.h. Ta rubuta sharaɗi: idan Windows ce a kira wannan, idan ba ita ba ce a kira waccan. Ta ce shi ke nan, ta sake dannawa.

Abin da ya biyo baya ko ni da ban san komai ba sai da ya tsorata ni. Jan rubutu ya dinga zubowa, allon na gudu sama, ɗaruruwan layuka. Tamar ta janye hannunta daga kwamfutar kamar ta taɓa murhu.

"Wai kowane abu an gabatar da shi sau biyu," ta ce. "Ni kuma sau ɗaya na kira."

Wayata ta yi ƙara. Fasto ne. Ya ce wani da ya hau dutse ya hango farar mota ta fito daga kwari. Ya ce samarin sun ƙaru, har da na ƙauyen maƙwabta, kuma ya ga wani riƙe da jarka. Ban tambaye shi abin da ke cikin jarkar ba. Na ce kada ya kashe wayar, ya bar ni ina ji.

Daga nan na rabu biyu. Kunne ɗaya yana kan tudu, inda nake jin hayaniya da ƙarar ƙarfe a kan kwalta. Ido kuma yana kan Tamar, wadda gumi ke ɗiga daga haɓarta. Ta gwada wannan, ta gwada wancan. Ta matsar da nata layin ƙasa, ta canza sharaɗin, ta buɗe waɗansu fayilolin tana bin diddigi. Kowane gwaji jan rubutun nan ne ke dawowa. Ni kuwa ina ta cewa Yesu ka taimake mu, ban ma san a fili nake faɗi ba.

Can sai ta tsaya cak. Na leƙa. Ta koma can saman rubutun, layin farko, inda aka rubuta da Hausa, har ni na iya karantawa: Kada a taɓa. Zubair.

"Ga shi nan," ta ce da wata irin murya. "Layin Malam yana kiran windows.h. Ita kuma idan ta shigo, tana jawo tsohuwar hedar sadarwa tare da ita ba tare da an tambaye ta ba. Sai tawa sabuwa ta zo daga baya da sunaye iri ɗaya, su yi karo. Lokacin da Malam ya rubuta, tsohuwar ta ishe shi. Direban yanzu sai da sabuwar."

"Maganin fa?"

"Tawa ta riga shiga. Idan sabuwar ta riga, tsohuwar ba za ta shigo ba. Sai na ɗora layina a kan nasa."

"To ɗora mana!"

Ba ta motsa ba. Na so in ɗaga murya in ce yau ba ranar kunya ba ce, amma sai ta riga ni magana.

"Anti, Malam ba ya rubuta abu a banza. Idan akwai dalilin da ban gani ba fa? Idan ya haɗu amma ya ɗauko rabin lambobin? Wayar rabin mutane ta buga, ta rabi ta yi shiru. Za su ce an yi musu wayo. Gara ma ba ta buga ba."

Gaskiya ta faɗa. Mutumin da kaɗai zai iya ce mata taɓa ko kada ki taɓa yana cikin mota yana hawa tudu, wayarsa a rufe a aljihun mota.

A kunnena hayaniyar ta canza. Na ji ihu ya tashi gaba ɗaya, na ji ƙarar birki, na ji gilashi ya fashe. Fasto yana ta cewa ku tsaya, ku tsaya, a cikin sunan Yesu ku tsaya. Sai na ji muryar Zubair, siririya, yana cewa, "Ni ne fa, ni ne Zubair, kun san ni." Ban san lokacin da na sa wayar a sifika ba.

Tamar ta ji. Ba ta dube ni ba. Ta yanko layinta, ta kai shi can sama, ta ajiye shi a kan sunan Zubair. Ta danna.

Allon ya yi ta tunani. Babu jan rubutu ko ɗaya.

"Ya haɗu," ta ce. "Bari in gwada da lambobin ofis tukuna."

Haka Zubair ya koya mata, ba a aika saƙo ga jama'a sai an gwada da na ma'aikata. Ta ɗora muryar Ƙauna da na ɗauka kafin Boaz ya tafi da ita, da tawa ina bayani, ta aika. Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Muka dubi juna, har ta fara murmushi. Sai muka ji wata wayar tana ƙara daga cikin sifika, can kan tudu, ita kaɗai.

Zubair ma ma'aikacin ofis ne. Dukanmu mun manta.

"Ga wayansa a mota!" wani ya yi ihu. Aka yi ɗan shiru, suna saurare. Sai muryar Kaleb ta tashi: "Kun gani? Waya ɗaya! Nasa kawai! Mutanensa ne suna so su yi mana wayo!"

Ihun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na roƙon Allah ya sake jiyar da ni. Na ji ana dukan abu mai taushi. Na ji fasto yana kuka. Na kama kafaɗar Tamar na girgiza ta, na ce aika, aika wa kowa. Ta zaɓi yankin gaba ɗaya, ta danna, sannan ta rufe fuskarta da tafukanta.

Ba abin da ya faru. Wani ɗan da'ira yana ta juyawa a kan allon, ni kuma ina jin numfashin fasto da ƙarar murfin jarka da ake kwancewa.

Sai wata waya ta fara, da waƙar coci. Wata ta karɓa da kiɗan samari. Kafin in ja numfashi tudun gaba ɗaya ya ɗauka, wayoyi ba iyaka, kowacce da irin kukanta, daga aljihuna, daga hannuwa, daga cikin gidaje. Ihun ya mutu. Sannan daga ko'ina na ji ƙaramar murya guda, baki cike da ƙosai, tana cewa da yarensu ita ce Ƙauna, tana Kafanchan wurin inna Yemima.

Na zame na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da la'asar fasto ya kawo Zubair ofis a motarsa, bayan sun biya ta asibiti. An naɗe masa hannun dama, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, rigarsa kuma har lokacin tana warin fetur. Ya ce Boaz ya isa da yarinyar bayan an gama komai, uwar ta rungume ta ta faɗi sumammiya. Samarin kuwa sun watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallonsa.

Ya ja kujerarsa ya zauna gaban laftof ɗina. Tamar ta tsaya a bayansa, hannuwa a baya, kamar mai jiran hukunci. Ya karanta saman rubutun da ido ɗayan da ya rage masa, ya daɗe yana kallo.

"Daidai ne," ya ce. "Haka ya kamata ya zauna. Goge wancan gargaɗin, hannuna ba zai iya ba."

Ta goge. Sannan ta ce, "Malam, gwajin nan da na yi..."

"Ni na koya miki shi. Gobe za mu cire lambar duk wanda ya fita aiki daga gwaji." Ya sunkuya ya dubi hannunsa. "Kin san wanda ya riƙe jarkar? Kaleb. Bara a gindin mangwaron cocinsu na zauna da shi. Wayarsa ta fashe, ba a ganin lambar, sai da na kira tawa da ita kafin na samu. Ni na saka shi a rumbun da hannun nan."

Raina ya ɓaci. Na ce wallahi a cire shi, mutumin da ya zuba maka fetur ba shi da rabo a wahalarka. Tamar ba ta jira ba, ta nemo sunan, ga shi nan a kan allo, ta ɗora yatsa tana jiran Zubair ya ɗaga kai.

"Ki bar shi," ya ce. "Ashana tana hannunsa lokacin da aljihunsa ya yi ƙara. Sai da ya ajiye ta kafin ya ɗauki wayar."